Daɓen da Matan Gungu Suka Ƙi Yi

Tun da na dawo daga Gungun Marke, matan da muke bandar kifi tare a bakin kasuwar Yelwa ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya hanya, waccan ta ce da gaske ne gidajen sumunti ake gina wa mutane, wata kuma ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Kin gan shi?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum sai ya dawo mini da ƙari. Jiya ma na ji wai na mari mutum. Ban mari kowa ba. To ga shi na rubuta shi daga farko, wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata takarda in ci gaba da juya kifina.

Sunana Hajo. Shekara takwas na yi a gidan Bawa, wani masunci a Gungun Marke, tsibiri ne a tsakiyar Kwara, can wajen ƙasar Ngaski. Auren so muka yi, kada wani ya ɗora wa iyayena laifi. Duka ya fara tun ban cika shekara ba. In kifi bai kamu ba, ni ce. In ya kamu aka taya da arha, ni ce. Ranar da ya karya mini hannun hagu da filafilin jirgi, na jira ya fita kamun kifi, na roƙi wani tsoho mai fito ya tsallaka da ni. Na iso Yelwa a shekarar da aka samu mulkin kai. Gari na ta kiɗa, ni kuwa ina maƙale a bayan ɗakin ƙanwar mahaifiyata, Inna Tumba, ko taɓarya aka yar sai in zabura.

Na yi kusan shekara ban cika magana ba. Inna ba ta matsa mini ba, ta dai aza ni a gaban banda ta ce in kula da wuta. Da wutar nan na fara dawowa mutum. Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi karatu da rubutu. Hannun ya ɗoru, a karkace dai, amma yana aiki. Abu ɗaya ya ƙi warkewa: Bawa ya ƙi sakina. Sau uku alƙali yana aika masa sammaci, amma a gungu ana hango jirgin baƙo tun daga nesa. Da ya hango ɗan aike sai ya ɗauki tarunsa ya bi ruwa, ba zai dawo ba sai an tafi. Haka na zauna shekara shida, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Duk jirgin da ya tsaya a bakin kasuwa sai na leƙa na ga ko shi ne ya zo ɗaukar abinsa.

Sai ga saƙo ta bakin wata mai sayar da albasa. Kun dai san gwamnati na tare Kwara a Kainji, ruwa zai haɗiye gungaye, ana gina wa mutane sababbin garuruwa a tudu, ɗaki a madadin ɗaki. Amma ɗakin da ba mai kwana cikinsa ba a rubuta shi. Saƙon Bawa shi ne in zo ranar Alhamis da za a ƙidaya ɗakunan Gungun Marke, in tsaya a ƙofar tsohon ɗakina in ce nawa ne, don a gina masa ɗaki biyu. Ko gaisuwa babu a cikin saƙon.

Na ce ko gawata ba za ta je ba. Inna Tumba tana tsintar ƙaya a haƙori ta ce, "Ɗiyata, ranar nan kowane mai gida shina tsaye bakin ƙohwa tai, ga mai gari, ga liman. In ya shiga jirgi, gida nai ya tahi. Shekara shida muna neman ranar da ba shi iya gudu, ga shi da kai nai ya aiko muna da ita." Ban san abin da zan yi in na je ba, ita ma ba ta sani ba. Amma ranar Talata da hantsi muna tasha.

Motar da muka samu gingimari ce mai kai sumunti wajen sabon garin da ake ginawa. Aka ɗora mu bisa buhuna, mu da wasu 'yan ƙwadago da wani tsoho mai rungume da zakara. Kafin mu yi nisa kowa ya yi fari fat, Inna ta zama kamar an tsamo ta daga buhun gari, tana zagin direba, shi kuwa ba ya ji. Ta ɗauko kwandon bandar da ta shirya don tsaraba, ta ce bari ta ba tsohon guda ɗaya don Allah. Kuskuren da ta yi ke nan. Kwandon ya zaga motar sau ɗaya ya dawo da ƙashi. Wani ɗan ƙwadago har ya tambaye ta ko akwai yaji.

Ƙarshen damina ne, hanya duk ta jiƙe. Da la'asar muka kafe a wani rafi kusa da Ngaski, tayar baya ta nutse. Maza suka sauka suna turi, direba ya leƙa ƙarƙashi ya ce sai gobe. Muna tsaye muna kallon juna sai ga wasu matan Kambari sun dawo daga gona, babbarsu ta yi mana alama da hannu mu biyo su.

Na sha ganin matan Kambari a kasuwa, amma ban taɓa bin bayansu a hanya ba. Su ba sa ɗaukar kaya a ka kamar mu, a kafaɗa suke azawa. Ƙwarya cike da dawa, ko damin itace, duk a kafaɗa, wuya a karkace, tafiya kuwa sai ka yi gudu ka cim musu. Inna ta ce ita ma bari ta gwada, ta sauke ƙullinta daga ka ta aza a kafaɗa. Taku biyar ta yi ya faɗa cikin taɓo. Matan suka yi dariya har suka sauke kayansu don su ji daɗin yin ta.

Gidansu a tsakiyar gona yake, ba maƙwabci kusa, ga rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Aka kawo mana tuwon dawa mai tauri da miyar ganye, ba daddawa sosai kamar tamu, amma yunwa ta gyara ta. Mai gidan ya miƙo mana ƙwaryar burkutu, muka ce mun gode, bai ji haushi ba, ya ce to rabonsa ya ƙaru. Muka yi sallar magariba a gefen rumbu, yaransu na leƙenmu kamar yadda namu suke leƙensu a kasuwa. Uwar gidan Hausarta kaɗan ce. Da na miƙa hannu zan karɓi ruwa ta riƙe shi, ta bi karkacewar da yatsa, ta dube ni ta ce, "Miji?" Na ce eh. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗebo man kaɗe ta murza mini tun daga kafaɗa har yatsu, da ƙarfi kamar mai niƙa. Shekara shida ban yarda wani ya riƙe hannun nan ba, ko Inna. Na bar ta, kuma na ji daɗi.

Da safe aka fito da motar, ta sauke mu a sabon gari. Ga masu tambaya: gaskiya ne, na sumunti ne. Sun jeru layi-layi, duk kama ɗaya, rufinsu a lanƙwashe. Na shiga ɗaya da rana tsaka na fito da gudu saboda zafi. Na ce wa Inna in an ba mu biyu daga cikinsu ba za mu ƙara sayen itacen banda ba. Wani magini ya ce wai da sanyi in an saba. Ban ga inda mace za ta kafa murhu ba, ban ga inda za a ɗaure akuya ba, ban kuma san yadda mutum zai gane ƙofarsa ba in ya dawo daga kasuwa.

Daga nan a ƙasa muka gangara zuwa bakin ruwa. A tsakiyar wata gonar gero muka tarar da turakun sumunti an shafa musu farin fenti, sun yi layi har iyakar gani. Wannan ita ce iyakar da aka ce ruwa zai kawo. Daga wurin ko ƙyallin kogi ba a hangowa. Mai gonar yana zaune bisa ɗaya daga cikinsu yana gyaran lauje. Ya ce, "Wai nan ruwa za shi zo. Tun kakana Kwara ba ta taɓa hawo wanga tudu ba, sai yanzu da ma'aikatan gwamnati masu gajeren wando sunka ba ta izni." Inna ta ce masa ya dai koyi iyo. Ni ban yi dariya ba. Da na ƙetare turakun nan na san daga nan ƙasar Bawa ce.

A mafitar jirgi na ga tsohon da ya tsallaka da ni shekara shida da suka wuce. Ya ƙara tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya dube ni ya dubi hannuna ya ce, "Ni nit tsallaka da ke, ko? Ba dai komawa za ki yi ba?" Na ce zuwa ne, Baba, ba komawa ba. Ya ce, "To shiga. Gobe ina nan bakin gungu tun da sahe, ba ni matsawa sai da ke."

Ba mu nufi gidan Bawa ba. Muka sauka gidan Gwamma, tsohuwar maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu. A nan sai in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Haushin da nake ji na matan gungun nan ya kusa fin wanda nake ji na Bawa. Shekara takwas suna jin kukana, da safe mu haɗu a bakin ruwa su ce mini ina kwana, ina gajiya. Na shiga gidanta fuskata a ɗaure, na gaishe ta gaisuwar baƙi.

Tana daka ta ba mu labari. Ɗakina ya rushe tun shekara uku da tafiyata. Da Bawa ya ji zancen ƙidaya sai ya tayar da bango, ya yi sabon jinka, ya kwana bakwai yana ƙona ɗanyar ciyawa a ciki don rufin ya yi baƙi kamar ana girki. Ya sayo tabarma da tulu. Saura daɓe. To kun san daɓe ba aikin namiji ba ne, ba kuma aikin mace ɗaya ba ne. Sai an tara mata, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a jeru a durƙushe da madaɓai ana bugu ana waƙa tun safe har azahar, sannan ƙasa ta kwanta ta yi sheƙi. Haka suka yi mini lokacin da na tare.

Gwamma ta ce, "Gida-gida yab bi shina roƙo. Har akuya yac ce shina yanka muna. Ba wadda tat tashi."

Na ce, "Don mi?"

Ta tsayar da taɓarya. "Hajo, mun ji ki. Duk mun ji. Mazanmu sunka ce sha'anin gida ne, mu ko munka yi shiru, har kit tahi da hannu a karye. Ba ranar da ban tuna ba. Wanga ɗai munka iya, shi munka yi."

Ban ce na yafe ba, don a lokacin ban san ko na yafe ba. Hawaye dai suka zo mini, na ji kunyarsu. Na ce ta ba ni ɗayar taɓaryar. Muka gama dakan tare, muka ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin wadda ba a samu a Yelwa ko ana so.

Ranar Alhamis da hantsi masu ƙidaya suka iso: wani malami ɗan Kwantagora da babban littafi, da dogari mai riƙe da gwangwanin fenti. Mai gari da liman suna biye da su gida-gida don shaida. Muka shiga gidan Bawa ana saura gida biyu a zo kansa. Yana tsaye a tsakar gida da sabuwar riga. Bai dubi fuskata ba. Ya yi mini magana kamar wadda ta je ɗibar ruwa ta daɗe. "Kin iso? Tsaya can bakin ƙohwa. In an tambaye ki, ki ce naki ne. Kak ki ƙara komi." Muryar nan ba ta canja ba ko kaɗan. Ku ji abin haushi: sai na ga ƙafafuna sun kai ni bakin ƙofar da kansu, na tsaya inda ya ce.

Malamin ya rubuta ɗakin Bawa, dogari ya shafa lamba. Sannan malamin ya sunkuya ya shiga nawa. Ya dubi jinka ya gyaɗa kai. Ya dubi tulu. Sai ya sa ƙafa ya janye tabarma. Ashe Bawa da kansa ya kwaɓa laka ya shafe ƙasan ya tattake da ƙafa. Ta bushe ta tsattsage kamar bakin tafki da rani. Malamin ya danna dunduniyar takalminsa, ta burma. Ya fito yana kaɗe ƙafa ya ce, "Ni uwata ita ke jan waƙar daɓe a unguwarmu. Wace mace ce ta yi wannan?" Daga bayan katanga aka ji dariyar mata.

Ya juyo gare ni. "Baiwar Allah, ke ce mai ɗakin nan?"

Bawa ya yi gyaran murya. Na san wannan gyaran muryar, na san abin da ke biyo bayansa. Duk da haka na buɗe baki. Na ce, "Dā ni ce. Shekara shida ban kwana cikinsa ba. A Yelwa nake." Na ji muryata ta fita sarai, har ta ba ni mamaki, sai na ƙara. Na yaye mayafi na ɗaga hannun hagu yadda kowa zai gani. "Ga abin da ya fitar da ni. Mai gari ya sani, liman ya sani, duk wanda ke gungun nan ya sani."

Taku biyu Bawa ya yi ya iso gabana, hannu a sama. An ce wai jarumtaka ce ta hana ni kaucewa. Gaskiyar magana da farko ƙafafuna ne suka ƙi motsi. Amma da na ga hannun ya tsaya a sama, sai na ɗaga kai na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure. Abin da ya tsayar da hannun kuwa, matan gungu ne suka shigo ta ƙofar gida, Gwamma a gaba, kowace da madaɓinta a hannu. Suka dai jeru a bayana kamar za a fara aiki.

Malamin ya ja layi a littafinsa ya ce ɗaki ɗaya ne a gidan nan. Dogari ya rufe gwangwaninsa. Bawa ya dubi littafin, ya dubi matan, ya dubi mazan da suka taru a kan katanga, ya rasa inda zai sauke hannunsa. Sai ya sauke shi a baki. "Tahi, na sake ki. Saki ukku. Wa ka son ki da hannu awa lauje?"

Kafin ya rufe baki Inna Tumba ta shiga tsakiya. "Liman, ka ji? Mai gari, ka ji? Malam mai alƙalami, kai ma ka ji?"

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji. Ta saku."

Nan Bawa ya farga, ya fara cewa fushi ne, ba haka yake nufi ba. Liman ya ce masa uku ba ta da kome, aure ya ƙare. Malamin ya yago takarda daga bayan littafinsa ya rubuta, mai gari da liman suka dangwala yatsa, mai gari ya sa Bawa ya dangwala nasa. Malamin zai karanta mini, na ce ya ba ni. Na karanta ta da kaina, da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, tun daga sunana har ƙasa. Na daɗe ina yi, ba wanda ya katse ni. Da na kai ƙarshe Gwamma ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa, irin wadda ake yi in an gama daɓe.

Matan suka raka mu har bakin ruwa. Na rungumi Gwamma na ce mata na yafe, a lokacin kam na san da gaske nake. Tsoho mai fito yana nan inda ya ce. A tsakiyar kogi yunwa ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba, na cinye ɗumamen da aka ƙulla mana, nawa da na Inna. Sai dariya ta kama ni, ina tuna dunduniyar malamin nan tana burmawa. Na yi ta yi har jirgi na tangaɗi, tsoho yana cewa in zauna daidai kada in kifar da su ranar farin ciki.

Dawowa ba ta da labari sosai. Mun sake kwana gidan Kambarin nan, na nuna wa uwar gidan takarda, ba ta san me ke ciki ba amma ta ga fuskata, ta sa aka yanka kaza. Motar da ta kawo mu Yelwa ta albasa ce, mun iso muna wari amma dai da launinmu.

Washegari na kai takardar gaban alƙali da ƙafata, ban jira rakiya ba. Ya duba, ya yi wa Inna tambayoyi da aka kira ta, ya ce saki ya tabbata, in yi idda. Ya umarci magatakarda ya shigar a littafi. Magatakardan ya tsoma alƙalami, bai ɗago kai ba, ya yi tambayar da ya saba yi wa kowace mace.

"Hajo matar wa?"

Na ce, "Rubuta Hajo mai banda. In ana nemana, a bi hayaƙi."